Ranar da Na Cika wa Baba Dung Kofi

Jama'a ku matso, yau akwai labari. Amma don Allah duk wadda ta san wa'azi za ta yi min, ta haƙura sai na kai aya, don wanda na yi wa kaina ya fi nata zafi. Ni Tayyiba, jikar liman guda, wadda ko tallar giya aka sako a talabijin sai na ce a'uzubillahi na canja tasha, ni ce ranar Asabar ɗin nan na tsaya bayan tebur ina ɗura wa bayin Allah wiski. Rubutun nan ma ina yi ina dariya, ina istigfari.

Ga waɗanda yau suka fara binmu, a Wheaton ta ƙasar Amurka nake zaune gidan ƙanwar Ummata, Anti Furera, ina digiri na biyu a College Park. Duk taron da aka yi a yankin nan, suna ne ko walima, in kin ci masa mai daɗi to daga tandar Anti ta fito. Mace ce mai kirki, amma idonta na ma'aikacin kwastan ne, jakarki tana rufe ta san abin da ke ciki.

Sai kuma Oumarou. Hmm, bari in gyara zama. Ɗan Maraɗi ne, dogo, mai wushirya, da rana yana tuƙa tasi a cikin Washington, da yamma yana makaranta. In ya yi dariya sai na manta a wane layin jirgin Metro nake. Ranar da na fara kai wa Anti maganarsa ko ɗagowa ba ta yi daga yankan albasa ba.

"Duk likitocin masallacinmu, duk injiniyoyin nan, ki rasa wanda za ki kwaso min sai direba? Me zan ce wa uwarki da ta ba ni amana?"

Na yi kuka, na yi fushi, na shiga yajin cin abinci wanda ko la'asar bai kai ba. Da ƙyar da siɗin goshi ta yarda ya zo ranar Lahadi ya gaishe su ita da Abba, mijinta. Ba ta taɓa ganinsa ba ko a hoto, don ta ce hoto maƙaryaci ne.

"Zan dube shi daga hula har takalmi," ta ce. "Na ga abin da bai yi min ba, magana ta mutu, kada ki sake tayar min da ita."

To, Lahadi gaisuwa, Asabar kuma bikin Constance.

Constance ƙawata ce ta ƙut da ƙut, 'yar Jos, ajinmu ɗaya. Kirista ce, amma da azumi ita ke bugo min waya ta tashe ni sahur, don ta san nauyin baccina. Ita da angonta Davou ƙaramin biki suka shirya a wani ɗakin taro na unguwa, dangi da abokai kawai, Anti ce ma ta yi musu masa da jalof da dambun nama. Mutanen ango suka ce biki ba giya ai zaman makoki ne. Constance ta ce ta ji, amma ba za ta ɗauko hayar mai zuba giya ba, tunda ga ɗan kawunta Kambai Allah ya ba shi hannu biyu. Ni aka damƙa min teburin zoɓo da kunun aya. Masu ɗakin taron kuwa sharaɗinsu shi ne kada a bar kwalabe ba babba a tsaye a kansu, saboda yara.

Ku zo ku ga kwalliya! Ankonmu leshi ne ruwan zuma, na yi doguwar riga mai dogon hannu, ɗinkin wata 'yar Senegal da ke bayan kasuwar Wheaton, ya zauna min cif. Ɗauri ya hau das, mayafi ruwan gwal a kafaɗa, jan lalle a yatsu, humra kuwa sai da na yi wanka da ita. Na shiga banɗaki na ɗauki hoto a madubi na tura wa Oumarou ta BBM.

"Bon," ya rubuto, da ɗan Faransancinsu na Nijar, "ina kan titi kika turo min wannan? So kike in hau bayan motar mutane?"

"Kwalli kawai na sa fa."

"Kwallin nan a kai shi kotu. In na sauke fasinja zan biyo in gan ki da idona."

Na rungume wayar ina tsalle ni kaɗai kamar wata taɓaɓɓiya.

Matsalar Kambai ita ce, shi ne mai gabatarwa, shi ne mai sa kiɗa, shi ne mai hoto, shi ne kuma mai giya. Ana fara cin abinci ya jawo teburinsa kiii ya haɗa da nawa.

"Tayyiba, taimaka ki tsaya min a nan, yanzu zan dawo."

"Kai, rufa min asiri! Ni fa ba na taɓawa."

"Wa ya ce ki taɓa? Gadi kawai. Kowa ya zo ya zuba da kansa."

Kafin in buɗe baki ya ɓace. Na ce a raina, to ai gadi ba sha ba ne, na ja baya na naɗe hannu ina hararar kwalaben kamar kishiyoyin uwata. Wasu dogaye, wasu gajeru masu faɗin kafaɗa, wasu an naɗe musu wuya da takardar gwal an tsoma su a bokitin ƙanƙara.

Sai ga wani dattijo ya doso, farin gashi, kwat da malafa, yana dogara sanda. Baba Dung ke nan, wan mahaifin ango, wanda aka ɗauko takanas daga Jos. Ya miƙo min jan kofin roba, irin manyan nan, ya nuna wata kwalba mai ruwa kalar shayin da ba madara.

"'Yata, ɗan taɓa min wancan."

Wallahi na buɗe baki zan ce Baba zuba da kanka, maganar ta maƙale. Ku faɗa min tsakani da Allah, a wane gida aka taɓa cewa sa'an kakanka ya zuba da kansa, kana tsaye ƙerere? Hannunsa ma rawa yake. Kafin ƙwaƙwalwata ta gama shawara, tarbiyya ta riga ta ɗauki kwalba.

Kuma a gidanmu rabin kofi zagi ne. Umma ta sha ranƙwashina a kan haka, ta ce baƙo ba a auna masa, sai dai shi ya rage. Don haka na tuttula har baki, sai da ya kusa zuba. Na ga ƙanƙara a gefe, na ce a'a, wannan dabarar masu sayar da lemo ce, su cika maka ƙanƙara su cuce ka, ba za a yi da ni ba. Na rusuna na miƙa masa da hannu biyu.

Baba Dung ya dubi kofi, ya dube ni, ya sake duban kofi. Ya cire malafarsa.

"'Yar gidan waye ke?"

"Daga Kano nake, Baba."

"Shi ya sa! Tunda na zo ƙasar nan ake ɗiga min abu kamar maganin ido. Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari."

Na ce amin da ƙarfi, don addu'ar ta zo daidai inda ake buƙata.

Ashe komawa ya yi teburin dattawa ya ba da sanarwa. Kafin ki ce kwabo layi ya miƙe, kawunnai, gwaggonni, abokan aikin ango, har da wani Bature mai jan gemu da ya ga kofinsa ya dafe ƙirji. Na ce tunda na riga na jiƙe ai ba na tsoron yayyafi, in na koma gida na yi wanka na tuba gaba ɗaya. Kuma, Allah ya yafe min, daɗi na fara ji. Kowa sai sa min albarka yake. Wanda na hango kofinsa ya yi ƙasa, sai in ɗaga murya, "Kawu a ƙaro? Kada ka ji kunya, biki ne!" Zoɓona kuwa yana gefe ko kallonsa ba a yi.

Can ɗakin ya ɗau zafi. Baba Dung da ya shigo da sanda, sai ga shi a tsakiyar fili sandar tana sama yana juyi. Wata gwaggo ta cire takalmi ta ɗora a ka. Baturen nan ya rungume wani kawu suna kuka tare, alhali ba mai jin yaren wani. Ni kuwa ina tafi ina cewa kai, mutanen Jos akwai son zumunci!

Sai muryar Kambai ta fito ta lasifika: "Za a ɗaga kofi don amarya da ango! Tayyiba, buɗe mana mai wuyan gwal ɗin nan!"

To ni tun safe kunun aya nake girgizawa, don in ba a girgiza ba gari ya kwanta a ƙasa, na ƙarshe ya sha tsiya. Na ciro kwalbar daga ƙanƙara, na ce wannan ta daɗe a zaune. Na kama ta hannu biyu na jijjiga ta sosai, sama da ƙasa, har da ɗan rausaya ina bin kiɗa. Na warware wayar ƙarfen da ke ɗaure da murfinta.

Fau!

Murfin ya tashi ya daki gwaggwaron uwar amarya, ya karkatar da shi gefe. Kumfa ta yi tsiri ta dawo kaina, fuska, ɗauri, mayafi, leshina ruwan zuma, komai sharkaf. Na saki salati da ƙarfi, ɗaki kuma ya ɗauki shewa da tafi, su a zatonsu cikin shirin ne. Constance daga kujerar amare ta kwanta a kafaɗar Davou tana dariya har kwalliyarta na zuba.

Kambai ya iso a guje. Ya dubi kwalaben wiski a jere, kusan duk wayam. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa cikinta kamar zai ga inda ruwan ya ɓuya.

"Ina wiskin?"

"An sha."

"Duka? Yaya kike zubawa?"

Na nuna masa bakin kofi. Ya ɗora hannu biyu a ka.

"Yesu! Tayyiba, ɗan kaɗan ake sawa a gindin kofi, kaurin yatsa biyu! Kin kashe min dangi!"

"To wa ya faɗa min? Kai ka ce yanzu za ka dawo!"

Ya ruga fili a guje, don Baba Dung ya fara ƙoƙarin hawa kujera zai yi jawabi.

A wannan halin Oumarou ya same ni. Yana shigowa ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi fili, ya dube ni ina ɗiga, kwalli ya gangaro har haɓa.

"Tayyiba, mi nike gani haka?"

Na ba shi labari a gurguje. Ya dage iya dagewa, ya cije leɓe, ya kalli silin. Da na zo wajen girgizawa sai ya fashe, ya riƙe tebur yana dariya har da hawaye, ni ma na kama, muka zama mahaukata biyu. Ya cire jaket ɗinsa ya yafa min, sannan ya naɗe hannun riga. Shi da Davou suka bi tebur tebur suna lallaɓa mutane suna karɓe makullan mota, ya kira abokansa 'yan tasi su zo su kwashi dattawa, ya dinga raba ruwa da masa yana cewa a ci a ci. Ina kallonsa ina jin zuciyata kamar ta fito ta bi shi. Ina son yaron nan, jama'a, ina son sa ba kaɗan ba.

Kwalba ɗaya ta rage da ɗan saura a ciki, na ɗauke ta na rungume don kada a ƙara. Sai ga Baba Dung ya dawo yana tangaɗi, kofi a gaba.

"'Yar albarka, ɗan ƙaro."

"Baba ta ƙare."

"Ga ta a hannunki kina goyo!"

Ina cikin ja da baya na ga fuskar Oumarou ta canja, idonsa a ƙofa. Wuf ya fizge kwalbar daga hannuna, ya zare jaket ɗinsa daga kafaɗata, ya tura ni gaban zoɓo, shi ya koma bayan teburin giya ya tsaya. Na waiga.

Anti Furera! Cikin jallabiyarta baƙa, makullin mota a hannu. Kulolinta ta zo ɗauka, waɗanda ta ce sai Litinin za ta aiko a karɓa. Shi ya gane ta, don hotunanta sun cika wayata.

Ta ratso fili tana kauce wa masu rawa, hanci a tattare. Baba Dung ya tare ta da fara'a.

"Hajiya, ke ce uwar yarinyar nan? Kin iya haihuwa! Hannunta akwai albarka, in ta zuba maka…"

"Zoɓonta yake yabo, Tanti," Oumarou ya katse shi da sauri.

Anti ba ta ko kalle shi ba. Ta matso kusa da ni ta shinshina, ta ja baya.

"Warin me nake ji a jikinki?"

Oumarou ya yi maza ya shiga tsakani.

"Laifina ne, Tanti," ya ce. "Ni ke tsare da teburin ga tun ɗazu. Na buɗe kwalba ban iya ba, ta fesa mata. Ita tana wajen kununta, ba ruwanta."

Sai a lokacin ta juya ta dube shi, tun daga sama har ƙasa, ta tsaya a kan kwalbar.

"Kai kuma wane ne?"

"Oumarou ne, Tanti. Ina wuni."

Ya durƙusa har ƙasa, da kwalbar wiski a hannu. Wallahi ko a mafarki ban taɓa tsara haɗuwarsu haka ba.

"Oumarou na gobe?"

"Shi ne, Tanti."

"To madalla. Allah ya hutar da kai ƙona mai, goben ka yi zamanka. Tayyiba, ɗauko min kulolina."

Na bi ta sumui sumui da kuloli, ban iya ko waiwayensa ba.

A mota ta sauke gilasai duka saboda warin da nake yi. Na shirya wa faɗa, sai ta ɓullo min ta inda ban zata ba. Ta miƙo hannu ta dafa gwiwata.

"Kada ki yi kuka, 'yata. Allah ne ya so ki, ya nuna mana shi tun kafin a yi nisa. Ki duba yadda ya ɓata miki kaya, ke da ko warin abin ba ki sani ba. Ni na san tarbiyyar da muka yi miki."

Kowace kalma kamar ana ɗiga min ruwan zafi. Wayata ta yi ƙara a cinyata, na leƙa a sace.

"Kada ki ce komi. Ke a gidan kike kwana, ni a waje nike. Zan san yadda zan gyara, ko da shekara za a kai."

Na karanta, na sake karantawa. In na yi shiru, ni ce 'yar kirki, in shiga gida in yi wanka a wuce wajen. Shi kuwa, mutumin da ko taba bai taɓa sha ba, ya zama ɗan giya a bakin Anti, kuma abin da ya shiga bakin Anti kafin Juma'a ya zaga masallaci. Tsoro nake ji kamar in yi fitsari a zaune, amma kunyar kaina ta fi tsoron yawa.

"Anti."

"Na'am."

"Ni ce na zuba. Tun daga kofin farko har na ƙarshe, ni ce. Kwalbar ma ni na girgiza ta. Shi zuwansa ke nan, da ya hango ki ya karɓe daga hannuna."

Ta sa sigina, ta gangara gaban wani gidan mai, ta kashe mota. Ta juyo gaba ɗaya.

"Maimaita."

Na maimaita, har da rusunawa da hannu biyu, har da ƙanƙarar da na hana su. Da na zo kan cika kofi na ga gefen bakinta ya motsa, ta yi maza ta danne.

"Wato ranar farko, ido cikin ido, ya shirga min ƙarya."

"Don ni ya yi, Anti."

"Na tambaye ki? Ba ni wayar."

Na miƙa mata. Ta ɗauko tabarau daga jaka, ta karanta saƙonsa, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta fara rubuta masa amsa da yatsa ɗaya, tana yi tana gogewa, ni kuwa ina miƙa wuya ta kare da kafaɗa. Ta tura, ta jefa wayar cikin jakarta ta ja zif. Har muka isa gida wayar tana ƙara a ciki.

A bakin ƙofa ta tsaya tana neman makulli, ba ta dube ni ba.

"Ki cire tsinannen leshin nan a gareji, ba zai shigar min gida ba. In kin yi wanka kin yi salla, ki sauko min da farantan cikin kabet ki wanke, gobe muna da baƙo."

Na daka tsalle zan rungume ta, ta tokare ni da gwiwar hannu.

"Kada ki shafa min najasa! Kuma ba ki tsira ba. Da safe kafin ya iso za ki kira uwarki a gabana, ki faɗa mata da bakinki abin da jikar liman ta yi a Amurka."

Na tsaya a gareji da takalmi ɗaya a hannu, bakina har kunne don murna, ina kuma fargabar wayewar gari, don na san Umma, kuma na san ita ce ta koya min cika kofi.